Daren Da Na Kusa Yanka Ɗan Kano

Har gobe in na bi ta ƙofar shagon Ɗan Kano tela, sai ya tsayar da keke, ya jawo almakashi kusa da hannunsa, sannan ya amsa sallamata. An kwana biyu fa da yin abin. Na yi aure, shi ne ma ya ɗinka mini kayan angwanci, amma da aka zo auna wuya sai ya kira yaronsa ya ce ya tsaya a tsakaninmu. Duk kuwa laifin wani Bature ne da ya mutu tun 1616, wanda ko bashinsa ban taɓa ci ba.

A Garwa ta ƙasar Kamaru aka haife ni, a unguwar da yaro ke tashi da baki huɗu: Hausa a tsakar gida, Fillanci a kasuwa, Larabci a makarantar allo, Faransanci in an je ofis neman takarda. Ni kaɗai Baba ya ga huɗun ba su ishe ni ba. Fatauci yake yi tsakanin Garwa da Mubi da Yola, an taɓa sa shi ya dangwala yatsa a wata takarda da aka rubuta da Ingilishi, ya wayi gari rabin kayansa sun zama na wani. Tun ranar ya rantse sai ya samu ɗa mai karanta masa takardun kan iyaka. Ƙuri'a ta faɗo kaina. Sa'annina suna ɓangaren Faransanci suna fama da jarrabawarsu ta BEPC, ni aka cusa ni ɓangaren Ingilishi, inda in ka kai aji biyar na sakandare sai ka haɗu da jarrabawar GCE. Hukumar da ke shirya ta tana can Buea, gindin dutsen Kamaru, garin da hazo ke sauka har kan titi. Su zauna da rigar sanyi su tsara tambayoyi, mu amsa a nan gumi na ɗiga kan takarda.

Da aka zo zaɓen darussa na rungumi adabi hannu bibbiyu. A lissafina tatsuniya ce, ga ta nan ga ta nanku, kuma wanda Kaka ta goya ba a ba shi labarin Gizo. Ban san kashi uku ne ba, kowanne da irin dukan da yake yi: zube, waƙa, da wasan kwaikwayo.

Zube ne ya fara kwance mini zani a kasuwa. Baba ya ba ni kuɗin littafin cif, ni kuwa na raba su tsakanin mai tsire da ƙofar filin ƙwallo na Roumdé Adjia ranar da ƙungiyar Coton Sport ke wasa. Abin da ya rage, sefa 500, na kai wa wani mai fotokofi ya ba ni taƙaitaccen labarin a shafuka kaɗan, an danne da ƙusar takarda. Na haddace shi kamar karatun allo. Abin da ban sani ba, ranar da yake haɗa shafukan hankalinsa na wajen rediyo, sai ya liƙa ƙarshen wani littafi daban a bayan nawa. Da aka yi jarrabawar gwaji na zage na rubuta yadda tauraron labarin ya nutse a teku ya bar mata da 'ya'ya, har na ƙara da cewa wannan ne wurin da ya fi taɓa mini zuciya. Mutumin da ko kududdufi bai tsallaka ba a littafin, bai kuma yi aure ba. Malamarmu, 'yar Bamenda ce, Madam muke ce mata, ta ba ni 3 bisa 20, ta rubuta da jan biro cewa in na gama da wannan littafin in ara mata, ita ba ta taɓa karanta shi ba. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne mu bakwai ne a ajin muka nutsar da bawan Allahn.

Waƙa kuwa ba ta kunyata ni ba, sa ni ta yi na fara zargin hankalin Turawa. Akwai lokacin da suke murna da shi bayan sanyi, sa'ad da furanni ke fitowa, ƙamus ya fassara mini shi da bazara. Ni da ke zaune a Garwa cikin Afrilu, zafi ya haura 40, ƙadangaru ma sun nemi inuwa, dorinar Binuwai hanci kawai take fitarwa, sai ga mawaƙi yana ta kirari wai bazara ta zo. Wani ma ya kamanta masoyiyarsa da yinin rani. Ka je ka gaya wa budurwa a Garwa ta yi kama da yinin rani, ka ga ko ba za a dawo maka da kayan toshinka a baho ba. Ga kuma karin waƙar: gaɓa goma a ɗango, mara nauyi sannan mai nauyi, sau biyar, wata waƙar kuma dole sai ɗango 14, ba ragi ba ƙari. Madam ta ce sai mun iya ji a jikinmu. Sai na riƙa zagaya tsakar gida ina lanƙwasa yatsu, ina ta-TAM ta-TAM ta-TAM, in na ɓata lissafi in ƙwanƙwasa randa in sake daga farko.

A nan Kaka ta fara sa mini ido. Tana zaune kan tabarma tana jan carbi, amma idon na bin ƙafata. Wata rana ta ce, “Maigida, me kake ƙirgawa ne da mu ba ma gani?”

Na ce, “Ƙafafun waƙa, Kaka.”

Ta yi shiru. Da yamma na ji tana gaya wa Inna a madafa cewa yaron nan ya ce waƙa na da ƙafa, a riƙa lura da shi, kada a bar shi fita da almuru.

Saura wasan kwaikwayo, Makbet na Shekspiya. Ingilishin ciki ba wanda na sani ba ne. Ka karanta shafi guda ka gane kalma huɗu, biyu daga ciki sunayen mutane. Madam ta ga muna kallonta kamar tumaki a bakin mahauta, ta goge gumi da tawul ɗin da ba ya barin kafaɗarta, ta ce wasan kwaikwayo ba da ido ake karanta shi ba. Ta ce kowa ya koma gida ya juya shi zuwa yaren uwarsa, ya tashi tsaye ya yi shi da baki da jiki, sai ya shiga. Shawara ce mai kyau. Abin da ta manta ta faɗa shi ne a sanar da mutanen gida tukuna.

A makon ne iska ta yaye kwanon ɗakin Ɗan Kano, Baba ya ce ya zo ya riƙa kwana a zaurenmu kafin a gyara. Baƙonmu ke nan, amanarmu. Sarkin da ake kashewa a wasan kuwa sunansa Dankan, shi ma baƙunci ya je gidan Makbet. Wallahi ban taɓa haɗa sunayen biyu a raina ba sai da aka haɗa mini su da gora.

Daren babu wuta, kowa ya baje a tsakar gida yana neman iska. Na jira aka yi barci, na ɗauki tocila da littafin da na rubuta fassarata a ciki, na zari wuƙar da Inna ke yanka albasa, na yafa zanen gado, na zagaya bayan madafa. Na kuma ɗebo kofi guda na zoɓon da Inna ta jiƙa na sayarwa, wanda 'yan gari ke ce wa folere, don Madam ta ce a yi da jiki, kuma wasan nan ba ya tafiya sai da jini.

Na gyara murya na fara, a hankali dai, amma dare ba ya riƙe sirri.

“Dankan yana barci a gidana. Baƙona ne, ya amince da ni, bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Amma matata ta ce in ban yanka shi a daren nan ba, ni ba namiji ba ne.”

Sai na shiga wurin da Makbet ke ganin wuƙa tana yawo a iska yana kai mata cafka. Na riƙa kai cafka, ina tuntuɓe da turmi.

Ashe Kaka ta tashi nafila, tana tsugune da buta taku uku daga inda nake. Tsohuwar nan ba ta yi ihu ba, wannan na yaba mata. Ta ajiye buta, ta lallaɓa zaure, ta taɓa ƙafar Ɗan Kano ta ce masa cikin raɗa, “Tashi ka tsere, jikana ya waso wuƙa, da sunanka ya kwana.” Mutumin da kullum yake kukan ciwon gwiwa saboda taka keke, an ce bai bi ta ƙofa ba. Shi ne ya yi ihun da ya tashi unguwa.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba, don na riga na gama kisa na koma matar Makbet. Can kusa da ƙarshen wasan tana tafiya cikin barci tana wanke hannu, jinin ya ƙi fita. Na cire zanen gado, na jawo mayafin Inna daga kan igiya na lulluɓa, na tsoma hannuwa cikin zoɓo har wuyan hannu, na rufe ido, na siranta murya. Hayaniyar da nake ji daga nesa na ɗauka ɓarawo aka kama a wani layi.

Da hasken tociloli ya dallare ni, ga abin da jama'a suka gani: ɗan Alhaji cikin mayafin mata, hannu jajawur, wuƙa a ƙasa, ido a rufe, yana murza tafi yana mamakin yawan jinin da ke jikin tsohon.

Wani ya ce, “Wane tsohon?”

Nan take aka shiga ƙirga tsofaffin unguwa. Aka tura yaro ya duba ladan.

Baba na tsaye da gora, Kawu na riƙe da igiyar ɗaure rago. Na buɗe baki zan yi bayani, Ingilishi ya fito, don a ruɗe nake. Wata maƙwabciya ta ce shi ke nan, Bature ne ya hau shi. Inna kuwa duk cikin abin da aka gaya mata abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Ta matso ta riƙe kunnena ta ce, “Wace ce matar taka? 'Yar gidan wa ce? Yaushe aka ɗaura ban sani ba?”

Kaka ta ce, “Ni dai ce matarsa da kowa ya sani, kuma ban aike shi ba.”

Aka taso malamin makarantar allonmu. Ya zo da carbi da tocila, ya zauna gabana, ya yi addu'o'insa, sannan ya tambaya cikin natsuwa wa ke magana.

Na ce, “Malam, Makbet ne nake…”

Kaka ta tafa hannu. “Makabarta! Na faɗa muku! Ta can yake bi in zai je makaranta.”

Allah ya saka wa Malam da alheri, shi kaɗai ne ya zo da hankalinsa a daren. Ya kamo hannuna ya shinshina, ya dangwala yatsa ya kai baki. Ya ce, “Alhaji, wannan jinin har da citta da kanumfari.” Ya karɓi littafin ya jujjuya, ya ga hatimin makaranta. Sai ya ce a shimfiɗa tabarmi. Tunda an tashi mutane, in ba da labarin tun daga farko har ƙarshe, in ya haɗu to karatu ne, in bai haɗu ba a san abin yi. Kawu bai ajiye igiyar ba.

Na yi jarrabawa da yawa a rayuwata, ban taɓa yin mai wuyar wannan ba. Mutum wajen ashirin, ƙarfe biyun dare, ni a tsakiya da mayafi, ga Ɗan Kano a kan katangar maƙwabta ya ƙi saukowa, daga can yake saurare. Kuma ba irin masu sauraren da ke yin shiru ba ne.

Na ce a ƙasar Sikotilan aka yi wani jarumi, yana dawowa daga yaƙi ya haɗu da mayu uku suka ce masa zai zama sarki.

Kaka ta katse ni. “Sun kama kurwarsa?”

Na ce a'a.

“Sun lashe wani yaro?”

Na ce a'a, abin da zai faru kawai suka faɗa masa.

Ta ce, “To waɗannan ba mayu ba ne, 'yan duba ne. Gyara.” Na gyara. Ta ƙara da cewa ɗan duba ba ya zuba maka abin da babu a cikinka, fuskarka yake karantawa ya sayar maka da abin da ka zo da shi. Ai tare da abokinsa Banko suka ji maganar, don me shi bai je ya yanka kowa ba? Na tsaya ina kallonta. Wata uku Madam na neman cusa mana wannan a ka.

Da na zo kan matar, maza suka ce ai ga mai laifi nan. Matan suka taso. Inna ta ce zuga dai ta yi, amma hannun wa ya riƙe wuƙa? Kuma da ya ci gaba da kashe-kashe, har da matar wani basarake Makdaf da 'ya'yansa, ya shawarce ta? Aka juyo gare ni. Na laluba littafi da tocila, hannu na rawa, na ce bai shawarce ta ba, kisan Banko ma ɓoye mata ya yi. Inna ta ce, “To.” Ta kalli Baba, ban san dalili ba.

Na zo wurin da nake taƙama da shi, alkawura biyun da aka yi wa Makbet: ba za a ci shi da yaƙi ba sai daji ya taso ya zo gindin ganuwarsa, kuma babu ɗan da mace ta haifa da zai iya kashe shi. Na dakata don in ja musu rai. Kawu, wanda ya yi farauta a ƙuruciyarsa, ya yi hamma ya ce ai rassa za su sara su ɗora a ka. Wata tsohuwar ungozoma daga baya ta ce, “Ɗayan kuma ɗan tiyata ne, ciro shi aka yi.” Abin da ya ɗauke ni mako biyu da ƙamus, suka warware shi kafin in haɗiye yawu.

Don in huce haushi na jefo musu abin da na tabbata ba su sani ba. Na ce Makbet ɗin gaske ya yi sarauta daga 1040 zuwa 1057, kuma a fagen yaƙi Dankan ya mutu, ba a kan gado ba. Shekspiya ya rubuta wasan wajen 1606, zamanin Sarki James na Ingila, wanda ɗan Sikotilan ne, ana danganta gidansu da Banko, har littafi ya rubuta a kan mayu a 1597.

Kaka ta ce, “Au, ashe maroƙin fada ne. Ya wasa kakan mai gado, ya yi wa ɗaya gidan zambo. Nawa aka ba shi?”

Malam ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Ya ce labari ya haɗu, yaro lafiyarsa ƙalau. Kawu ya naɗe igiya da alamar an ɓata masa dare. Baba bai yi dariya ba. Ya dube ni tun daga mayafi har ƙafa ya ce, “Yanzu kuɗin da nake biya ke nan? A wane shafi ne ake koya karanta takardar kwastan?” Ban da amsa. Inna ta ce kofin zoɓo kuma a kuɗin karin kumallona za a cire.

Duk da shaidar Malam, Kaka ba ta yarda an bar ni haka ba. Kwana bakwai ina shan rubutu, ana turara mini ɗaki, an kuma hana ni bi ta hanyar makabarta, wadda dama ban taɓa bi ba. Wuƙaƙen gidan duka suka koma ƙarƙashin katifarta. Inna in za ta yanka kuɓewa sai ta je ta karɓo kamar mai cin bashi. Amfanin da na samu a zaman gidan shi ne na aro littafin zuben na gaske na karanta shi har bango, na tarar mutumin yana nan da ransa a shafin ƙarshe.

Yuni ya zo, ruwa ya sauka, gari ya ɗan yi sanyi. A takardar canki-canka na yi abin da Allah ya nufa. Waƙa na ƙirga mata ƙafafu a ƙarƙashin tebur, mai tsaron jarrabawa ya zo ya buɗe tafina yana neman satar amsa, ya tarar yatsu ne kawai. Da na buɗe ɓangaren wasan kwaikwayo sai ga tambaya a kan wanda ya fi alhakin faɗuwar Makbet. Na ji muryar Kaka a kunnena tar. Na juye zaman tabarmar nan kaf zuwa Ingilishi: ɗan duba da abin da yake sayarwa, Banko da bai yanka kowa ba, zugar mace da hannun da ya riƙe wuƙa, har maroƙin fada na saka, sai dai na sakaya shi da ladabi don ban san ko mai makin dangin Shekspiya ba ne. A karon farko a rayuwata na ɗaga hannu na nemi ƙarin takarda.

Sakamako ya fito na samu B a adabi. Kaka ta ce rubutu ne. Inna ta ce hujjarta ce. Madam ta ce shawararta ce, don har yau ba ta san abin da shawarar ta haifar ba. Baba ya miƙo mini wata takardar kwastan ya ce in karanta, na duba na ga da Faransanci aka rubuta ta.

Ɗan Kano bai sake kwana a gidanmu ba, a masallaci ya ƙarasa makon. Rannan da na kai masa ɗinkin Sallah na ce bari in gwada wanke kaina karo na ƙarshe. Na ce, “Baba Ɗan Kano, shi fa Dankan ɗin nan sarki ne mai kirki a wasan, kowa na sonsa, har wanda ya kashe shi sai da ya yabe shi.”

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, “Na ji. Ajiye yadin a nan bakin ƙofa, yaro zai ɗauko.”